Babanshi ya ɗora bokitin bulon a saman sif

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce mai 'ya'ya 3, muna zaune a Ƙofar Marusa cikin Katsina. Babbar mace ce mai shekara 8, sai namiji mai 6, sai auta mai 2. Da ƙaramar Sallah yayana ya zo daga Kaduna ya kawo wa namijin bokiti guda na 'yan bulon roban nan masu kala-kala da ake harhaɗawa. Tun ranar yaron nan ba ya da zance sai su. Sau ɗaya ya yi motar da ke jikin bokitin, daga nan sai ya riƙa gina abubuwa ba kai ba gindi, ya daɗe a kai, ya rushe, ya sake. Da aka kawo sakamakon jarrabawa malamarsu ta rubuta cewa yana da nawar rubutu. Babanshi ya ce bulon ne, ya ɗauke bokitin ya ɗora saman sif, ya ce mai lesin za a ɗauko. Kakarshi kuma cewa take a bar shi dai ya zama magini, tunda abin da ake so ke nan. Yanzu kullum kuka yake a ba shi waya. Autar na taɓa ciro guda daga bakinta, babbar kuma in ta matso sai a ce ba wasan mata ba ne. Ni dai zuciyata ba ta kwanta da ɗauke su ba, amma ba na son jayayya da maigidana a kan wasan yara. Ina neman shawararki.

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya maki su, ya shirya mana zuri'a baki ɗaya.

Bari in fara da abin da ba zai jira gobe ba, maganar autarki. Bulon da kika ciro daga bakinta, da ya wuce maƙogwaro da yanzu wani zancen ake. Yaron da bai kai shekara 3 ba hanyar numfashinshi siririya ce, kuma komai ya samu baki yake kaiwa, shi ya sa ake buga jar da'ira mai ɗauke da 0-3 a jikin kwalin irin waɗannan kaya. Ki samu kwalin nan na tsakiyar tishu, ki riƙa jefa bulon ciki ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya wuce, bai kamata ya zauna inda hannunta zai kai ba. In a cikin bokitin akwai abu mai maganaɗisu ko mai ƙaramin batir irin na agogo, ki fitar da shi daga gidan gaba ɗaya. Batirin in an haɗiye shi ƙona maƙoshi yake, maganaɗisu kuma na iya huda hanji, kuma asibiti ake nufa nan take ko da yaro bai nuna alamar ciwo ba. Ƙananan bulon sai lokacin da take barci, ko tana goye, ko a ɗakin da za a iya turo ƙofa. Ita ma za a samar mata nata, zan zo kan wannan.

To, yaron. Zuciyarki da ba ta kwanta ba gaskiya ta gaya maki. Na yi shekaru ina koyar da 'yan nazare da 'yan aji ɗaya, kuma in aka nuna mani ɗan shekara 6 da zai zauna wuri ɗaya awa guda cur a kan aiki ɗaya ba wanda ya tsare shi da bulala, murna zan yi wa uwarshi. Abin da malamai ke nema ke nan ruwa a jallo, yaron da hankalinshi ke iya tsayawa. Naki yana da shi, saura a kiyaye kar a kashe mashi shi.

Akwai wani yaro da ba na mantawa. Makarantar da nake a lokacin ba ta da kuɗin kayan wasa, sai na roƙi wani kafinta a unguwarmu ya riƙa tara mani guntayen katako a buhu. Wata safiya yaron nan ya tsayar da guntaye biyu, ya ɗauko na uku zai gitta a kansu ya yi gada. Sai ya faɗa tsakani, don ya buɗa ƙafafun da yawa. Ya ɗauka ya sake ɗorawa, ya sake faɗawa. Ya yi haka ya kai sau biyar, har leɓenshi na ƙasa ya fara rawa. Hannuna har ya tafi zai matso mashi da su, sai na riƙe kaina. Ya zauna yana kallon abin. Can sai ya ɗauki mai gittawar ya kwantar da ita a ƙasa gaban ƙafafun biyu, ya ga inda ta tsaya, sannan ya sa ɗan yatsa ya jawo ƙafa ɗaya har ta shigo cikin tsawonta. Ya ɗora, ta zauna daram. Bai ce da kowa komai ba. Ya ɗago ya dube ni, ya koma ya tura marfin kwalba ta ƙarƙashi yana kukan mota. Yaron nan awo ya yi. Ba a taɓa ba shi rula ba, bai san kalmar santimita ba, amma ya gano da kanshi cewa faɗin gada ba zai wuce tsawon abin da za a gitta ba. Maginanmu na da wannan lissafin tun kaka da kakanni: tsawon azara ke yanke faɗin ɗaki, in ana son ya fi haka sai an kafa ginshiƙi ko an ɗaura baka.

Abin da kike gani ba kai ba gindi irin wannan ne. In kin zauna kusa da shi kin yi shiru, za ki lura kowane gini da rushewa gwaji yake. In na ƙara ɗaya zai faɗi? In na faɗaɗa gindin fa? Me ya sa wannan gefen ke rinjaya? Takardar aikin gida amsa ɗaya take karɓa, sai gobe malama ta sa maki ko ta ja jan biro. Bulo kuwa nan take yake ba yaro amsa, ko ya tsaya ko ya zube, ba tsawa ba kunya, kuma yana da damar sakewa sau ɗari. A abin da na gani, yaron da ya saba da wannan ba ya saurin jefar da fensir ranar da lissafi ya ƙi mashi.

Kar ki damu da ya ƙi maimaita motar jikin bokitin. Bin hoto na da amfaninshi, yana koya wa yaro bin abu daki-daki, kuma ai ya nuna maki zai iya tunda ya yi ta. Amma hoton tunanin wani ne, shi kuma yanzu nashi yake son gani. Kamfanin LEGO, wanda mafi yawan bulon roban da ke kasuwanninmu kwaikwayon nashi ne, wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ne ya kafa shi a 1932 a wani ƙaramin gari, Billund, a ƙasar Denmak, kuma da kayan wasan katako ya fara. A 1958 suka yi rajistar irin bulon da muke gani yau, mai maɓallai a sama da 'yan bututu a ƙasa. Daga baya wani malamin lissafi a ƙasar ya zauna da kwamfuta ya ƙirga hanyoyin da za a iya haɗa bulo 6 kacal masu maɓallai 8, ya samu 915,103,765. Shida fa. Ɗanki na da bokiti guda, don haka tauye shi ne a ce mota ɗaya ce kawai a ciki.

Masu ilimin tarbiyya sun daɗe da sanin wannan. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya raɗa wa makarantar ƙananan yara suna kindagatin a 1840, cikin kayan da ya tsara wa yara akwai ɗan akwati mai guntayen katako 8 daidai wa daida, waɗanda in an haɗa su suke zama babba guda. Yaro ya raba ya ga rabi, ya sake rabawa ya ga kwata, ya mayar ya ga ɗaya. A 1876 wata uwa a Amurka ta ga irin kayan nan a wani baje koli a Filadelfiya, ta samo wa ɗanta mai shekara 9. Ɗan shi ne Frank Lloyd Wright, wanda ya shahara a duniya wajen zanen gine-gine, kuma har tsufanshi yana ambaton guntayen katakon nan. Ba alkawari nake maki ba cewa naki zai zama haka, Allah kaɗai ya san abin da yaro zai zama. So nake ki sani cewa waɗanda suka assasa karatun nazaren da kuke biya wa kuɗi duk zango, gini da katako na cikin ginshiƙan karatunsu.

Mu ma ba baƙonmu ba ne. Ki tambayi maigidanki motar kara. Da kaka in an yanke dawa, yayyenmu maza za su zauna gindin darni su ɓare bayan karan siri-siri, su yanka cikin gunduwa-gunduwa, su soka su haɗa, sai ga mota mai ƙofa mai bodi, wani har da tabarau da bindiga. Waɗanda suka ɗan tasa su koma motar langalanga da tayar tsohon silifas. Mu mata ga tuwon ƙasa a gwangwanin madara, ga ɗakin 'yar tsana da gadon kwalin ashana. Da damina kowa ya nufi inda yumɓu yake, a gina shanu da doki a shanya. Ba wanda ya taɓa ba mu hoto ya ce mu bi. Abin da ya canza shi ne tsakar gida ta koma siminti da tayil, gonar da ake samun kara ta yi nisa da gari, kuma halin tsaro ya sa ba uwar da ke sakin yaro ya wuni a waje. Bokitin da yayanki ya kawo gurbin karan nan ya cike.

Maganar kakarshi kar ki mayar mata, tsohuwa ce kuma tsoron kar jikanta ya rasa karatu ne ya sa ta faɗi haka. Amma ke a ranki kar ki ɗauki kalmar magini abin gori. A garin da hasumiyar Gobarau take tsaye, ginin ƙasa da ake dangantawa da zamanin Muhammadu Korau, ɗaruruwan damuna sun zuba a kanta tana nan, bai kamata mu raina mai ɗora tubali a kan tubali ba. A masarautun ƙasar Hausa har sarautar Sarkin Magina akwai. Shi kanshi tubalin ai da hannu ake mulmula shi, gindi da faɗi kai da tsini, a shanya ya bushe, a jera shi tsinin na kallon sama a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Abu ɗaya ne mai siffa ɗaya, amma da shi aka fitar da zaure da soro da masallaci da katanga.

Sai maganar rubutu, wadda ita ce ainihin damuwar babanshi, kuma yana da gaskiya da ya damu. Inda ban yarda da shi ba shi ne inda ya ɗora laifin. Nawar rubutu ga ɗan shekara 6 na da dalilai da yawa. Ki je makarantar da kanki ki tambayi malamar me take nufi: kwafar allo ce ke ɗaukar mashi lokaci, ko bai gane haruffan ba, ko hannun ne ke gajiya? Ki lura ko yana kanne ido ko yana kai littafi kusa da fuska, in haka ne a kai shi a auna idonshi. Ki lura kuma da hannun da yake ɗaukar bulo da shi in ba mai kallonshi. Na sha ganin yaran da bahagwai ne aka tilasta masu rubutu da dama, suka yi ta fama ana ce masu malalata. In ko yatsun ne ba su yi ƙwari ba tukuna, to babban yatsa da biyun da ke kusa da shi, waɗanda ke riƙe fensir, su ne dai ke danna ƙaramin bulo su ɓalle shi. An ɗauke mashi abin da ke motsa su.

Duk da haka bulo ba zai koya mashi rubutu shi kaɗai ba. Wannan sai an zauna da shi, minti 15 kullum ya isa in dai ba a fashi. Ga wata dabara da ta yi mani aiki a aji: in ya gama gini, ki ce ai kowane shago a kasuwa da allon suna, wannan ma a sa mashi. Ki yago 'yar takarda, ya faɗi sunan ginin, ki rubuta a gefe, ya kwafa da hannunshi ya jingina a ƙofar. GAREJI. MASALLACI. GIDAN MAI. Yaron da ke jan ƙafa a kan layi biyar na aikin gida za ki ga yana roƙon a ƙara mashi takarda, don yanzu rubutun na da aikin yi.

Kafin a ɗauko mai lesin kuma, ku ƙirga wunin yaron nan. Ya fita boko da sassafe sai bayan Azahar, ya ci abinci, La'asar na yi ya ɗauki jakar Islamiyya sai dab da Magariba. Ɗan tsakanin nan da zai miƙe ƙafa shi mai lesin zai cinye. Yaron da aka zaunar daga safe har dare, jikinshi ne ke zaune, hankalin ya daɗe da tashi.

Yadda za ki tunkari maigidanki shi ne inda nake so ki fi natsuwa. Kar ki sauke bokitin a bayan idonshi, ko da kuwa ya yi tafiya. In kin yi haka yaron zai koyi cewa maganar babanshi ana kewaye ta, kuma wannan asarar ta fi ta bulo. Kar kuma ki tayar da zancen a gaban yaran ko a gaban mahaifiyarshi. Ki bari bayan Isha'i ya ci abinci ya huta, ki fara da inda kuka haɗu. Ki ce rubutun yaron nan ke ma ya dame ki, kin je kin ga malamarsu ga abin da ta ce, kuma kin ɗauki nauyin zama da shi kullum bayan Magariba. Sannan ki nemi alfarma a bar mashi bulon ranar Alhamis da Juma'a da yamma tunda ba Islamiyya, da duk ranar da ya gama aikin gida da wuri, a gwada zuwa ƙarshen zango. In rubutun bai motsa ba, a ɗauko mai lesin da yardarki. Namiji in ya ga ba a rushe hukuncinshi ba, an kuma ɗauki damuwarshi da muhimmanci, da wuya ya ƙi gwaji mai wa'adi. Ba sai kin kawo mashi sunayen Turawan da na lissafa maki ba. Ki tambaye shi ko ya taɓa yin motar kara, ki bar shi ya ba ki labari. Daga nan ki sa yaron ya nuna mashi gini guda ya yi mashi bayani da bakinshi, gani ya kori ji.

Kukan waya kuwa ba abin mamaki ba ne, an ɗauke abin da ke cike mashi lokaci ba a sa komai a gurbin ba. Ki daure kar ki miƙa don a samu shiru, don fitar da waya daga hannun yaro ya fi sauke bokiti daga sif wuya nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban waya ko talabijin, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana. Wannan autarki ya fi shafa, amma in yayanta na riƙe da waya ita ma a kafaɗarshi za ta wuni. Kafin babanshi ya amince, ki tara mashi kwalayen ashana da na magi, marafan robar lemo, totuwar masara da gwangwanayen da ba su da kaifi. Ba a hana shi waɗannan ba.

Ɗiyarki babba a bar ta ta zauna. Wanda ya taɓa ganin tsofaffinmu na yi wa amarya jere, tasa kan tasa daga babba zuwa ƙarama har kusa da rufi ba wadda ta karkace, ya san auna girma da daidaito ba na maza kaɗai ba ne. Ita ce ma a shekarun da za a fara yi mata lissafin kashi da na siffofi a makaranta, kuma hannun da ya saba juya abu ya duba shi ta kowane gefe yana sauƙaƙa wa kai. Zaha Hadid, haihuwar Bagadaza a 1950, lissafi ta fara karantawa kafin zanen gini, kuma a 2004 ta zama mace ta farko da ta karɓi kyautar Pritzker, wadda ake ɗauka mafi girma a wannan fanni. Ki dai sa ido kar ta zama 'yar miƙo wa ƙanenta bulo. Kowa da nashi gefen tabarma, in sun ga dama su haɗa gari ɗaya.

Ga abin da zai haɗa su su uku har da auta, kuma ba sai an je Kano ko Kaduna ba. Wata malama a birnin Niyok na Amurka, Caroline Pratt, ta tsara bulon katako a 1913 wanda har yau makarantu ke amfani da shi, kuma sirrinshi awo ne kawai: kauri 1, faɗi 2, tsawo 4, yadda biyu ƙanana ke zama daidai da babba guda. Ki je wurin kafinta da wannan. Ya samo katakon da suke kira tu-bai-fo, ya yanka wasu tsawonsu daidai da faɗin katakon, wasu ninki biyu, wasu ninki huɗu, ya ƙara 'yan falle-falle masu faɗi na yin rufi da gada. Guda 40 zuwa 50 sun isa farawa. Ki jaddada mashi awon ya zama daidai, don in ya kauce ginin ba zai zauna ba kuma lissafin da ke ciki ya ɓace. Ya goge kowane da samfefa har ki shafa a kuncinki ba ki ji kaushi ba, ya kashe kaifin kusurwoyin. Kar ki karɓi ragowar katakon rufi da aka shafa wa maganin gara ko baƙin mai, kuma kar a yi masu fenti. Wasu fentin mai na ɗauke da dalma, auta kuma baki za ta kai. Mu da ke maƙwabtaka da Zamfara mun san abin da gubar dalma ta wurin haƙar zinare ta yi wa ɗaruruwan yara a 2010. Farin katako haka nan ya fi.

Ita autar kar ki sa ran gini daga gare ta yanzu. Za ta yi ta jido daga wannan lungu zuwa wancan, ta cika kwano ta juye, ta ɗora uku ta ture tana dariya. Matakinta ke nan, da rarrafe yaro kan tashi. Wani bincike da aka yi a Siyatil ta Amurka a 2007 a kan yara 175 masu shekara ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi ya nuna cewa, a gidajen masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, waɗanda aka ba bulo tare da shawarwarin yadda iyaye za su yi wasa da su sun fi 'yan'uwansu ci gaba a magana bayan wata 6. Ni a fahimtata hirar da ake yi a kan bulon ce ta yi aikin. Sa wannan a sama. Kawo dogon. Ga ja a tsakiya. Ya faɗi! Kina tsince shinkafa ma za ki iya yi.

Da babban kuwa, aikinki ya fi yawa a kame hannu da baki. Kar ki gyara mashi gini, kar ki ce ai mota ba ta da fukafuki. Ya zo a hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga 'yan tsanar Nana A'isha, a cikinsu akwai doki mai fukafukai biyu na ƙyalle. Ya tambaye ta, ta amsa mashi da cewa ai Annabi Sulaimanu na da dawakai masu fukafukai, sai ya yi dariya. Tambaya ya yi, ya saurari amsa. Ke ma ki ce mashi, ba ni labarin wannan, ta ina ake shiga, wa ke kwana a nan. Za ki ji abin da ke ran ɗanki wanda ba zai taɓa gaya maki ba in kin tsare shi da tambaya kai tsaye.

Abu ɗaya nake roƙonki da shi don ni na yi kuskurenshi. Ɗana na fari ya taɓa kwana biyu yana gina gari da totuwa da kwalin ashana a bakin ƙofar ɗakina, har da ganuwa da ƙofofi. Aka ce baƙi na tafe, na sa tsintsiya na share yana makaranta. Da ya dawo ya tsaya a wurin da jakarshi a baya, bai yi kuka ba, bai ce komai ba, kuma ya daɗe bai sake gina komai ba. Har yau in na tuna tsayuwar nan tashi raina na sosuwa. Ki kafa doka a gidanki cewa mai gini shi ke rushe gininshi, kuma ta hau kan kowa har ke. Ki ware mashi tabarma guda, abin da ke kanta nashi ne, abin da ya sauka ƙasa a kwashe kafin a kwanta don kar wani ya taka da dare. In dole a tashi ginin, ki gaya mashi tun da wuri, ki ɗauki hotonshi da wayarki, ya kwashe da hannunshi.

In babanshi ya amince, ki roƙe shi abu ɗaya kuma. Wata Alhamis da yamma ya ɗauki manyan biyu ya kai su gindin Gobarau, su zagaya ta, su ga yadda gindin ya yi faɗi tana tsukewa hawa-hawa. A hanyar dawowa in sun ga inda ake gini su tsaya minti biyar su kalli yadda birkila ke ɗora kowane bulo a kan mahaɗar biyun da ke ƙasa. In sun shigo gida, shi babanshi da kanshi ya miƙa hannu saman sif ya sauko da bokitin, ke kuma ki shimfiɗa tabarma, ki goya auta, ki koma gefe da tiren shinkafarki inda za ki iya jin abin da suke cewa.